Wa Ya Kamata Ya Zauna a Wurin Shawara a Kan Gonar Talaka?

Babu mai riƙe da fartanya a ƙasar nan da yake bukatar a gaya masa cewa damina ta sake hali. Ruwa yakan sauko da wuri, a yi shuka, sa'an nan ya ɗauke kwana ashirin har tsiro ya ƙone. Ko kuwa ya yi jinkiri, ya zo ya zubar da na wata guda cikin dare biyu. Dattawanmu sun ga farin 1973 da na 1984. Mu kuwa mun ga ambaliyar 2012, da ta 2022 wadda ta hallaka mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta cinye gonaki a Jigawa da Binuwai da Kogi, da kuma ta Satumba 2024, sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga Maiduguri. Masana suna kiran wannan abu sauyin yanayi, gwamnatoci da ƙungiyoyi kuma suna ta tsara yadda za a jure masa. Tambayar da nake so mu duba ita ce: sa'ad da ake auna haɗarin da ke tafe, ana shirya yadda za a kauce masa, kiran manomi wurin shawara alfarma ce ake yi masa, ko kuwa hakkinsa ne?

Amsar da aka saba bayarwa ita ce, a kira shi domin yana da amfani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manomi ya san kwarin da ruwa ke kwanciya a ciki, ya san jigawar da ba ta riƙe laima, ya san irin geron da ke nuna da wuri. Wannan gaskiya ne, amma bai isa ba. Gama idan amfani ne kaɗai dalilin kiransa, to, ranar da na'ura ta san abin da ya sani, sai a sallame shi. Dalilin da ya fi wannan nauyi shi ne, shi ne zai ɗauki asara. Masanin da ya yi kuskure a lissafi zai karɓi albashinsa a ƙarshen wata. Manomin da ya bi wannan lissafi ya zuba irinsa na ƙarshe a busasshiyar ƙasa, shi da iyalinsa ne za su kwana da yunwa. Adalci bai yarda wani ya yi caca da rumbun wani ba tare da saninsa ba.

Mun riga mun ga abin da ke faruwa in an manta da wannan. Bayan farin shekarun 1970, hukuma ta ga cewa maganin ƙarancin ruwa shi ne manyan madatsu. Aka gina madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, aka gama ta a 1978. Nufin ba mugu ba ne: a sami noman rani, a rage dogara ga damina. Amma ruwan madatsar ya shanye gidaje da gonakin dubban mutane, aka hana waɗansu noma shekara da shekaru ana daidaita filaye, diyya kuma ta zama abin rigima. Da manoma suka tare hanyoyi suna neman a ji kukansu, sai aka aika musu da 'yan sanda a watan Afrilu 1980, aka zubar da jini mai yawa. Waɗanda ke ƙasan kogin kuwa, masu jiran ambaliyar kowace shekara ta jiƙa musu fadama su shuka shinkafa su kama kifi, sai suka ga ruwa ya ragu. Irin wannan ya sami mutanen fadamar Haɗeja da Nguru bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992: tafiyar ruwa ta sake, kacala ta toshe magudanai, ta cinye gonaki da wuraren su. Duk wani tsohon masunci zai iya faɗa wa injiniyoyi cewa ambaliyar nan da suke ɗauka ɓarna, abincin wani ce. Ba a tambaye shi ba.

Ikilisiya tana da koyarwa a kan wannan tun da daɗewa. A 1931 Paparoma Pius na 11, cikin wasiƙarsa Quadragesimo Anno, ya koyar da cewa rashin adalci ne babbar hukuma ta ƙwace aikin da ƙaramar jama'a za ta iya yi da kanta. Aikin babba shi ne ya tallafa wa ƙarami, ba ya haɗiye shi ba. Marigayi Paparoma Francis ya kawo wannan koyarwa kan zancen muhalli cikin Laudato Si' a 2015, inda ya nuna cewa mazaunan wuri suna da matsayi na musamman duk lokacin da ake auna abin da wani aiki zai jawo wa ƙasarsu. Tushen duka shi ne, Allah ya ba mutum hankali da 'yancin zaɓi, wanda kuwa aka ciyar da shi aka hana shi magana a kan rayuwarsa, an rage masa wani abu daga darajar nan. Mukan yaba wa Yusufu, da gaskiya, domin ya tara hatsi cikin shekaru bakwai na ƙoshi ya ceci Masar. Amma a karanta Littafin Farawa har sura 47. Kafin yunwar ta ƙare, Masarawa sun ba da kuɗinsu, da dabbobinsu, da gonakinsu, har da kansu ga Fir'auna. Shirin da aka yi a fada ya tsirar da rayuka, ya kuma bar manoma ba su da ƙasa.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Akwai mai cewa, ilimin manomi na jiya ne, haɗarin kuwa na gobe ne, maganarsa kuma tana da ƙarfi. Kakanninmu sun duba zuwan shamuwa, da juyawar iska, da kakkaɓewar ganyen gawo, suka san damina ta kusa. Alamun nan an tara su ne a zamanin da shekaru ke kama da juna. Yanzu shamuwa takan zo, ruwa bai biyo ta ba. Manomi ba shi da hanyar sanin zafin ruwan teku, wanda yake da hannu cikin yawan ruwan da za mu samu. Masanan hukumar NiMet, masu fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, su ke da wannan. Wanda ya ce a bar manomi da abin da ya gada kawai, bai ƙaunace shi ba. Amma hasashen da ya ce damina za ta yi jinkiri a jiha kaza bai faɗa wa kowa abin da zai shuka a gonarsa ta bayan gari ba. Ilimin ya kasu biyu, rabi a ofis rabi a gona, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Maƙwabtanmu na Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar, sun nuna yadda abin yake in rabin nan biyu suka haɗu. Shekaru da yawa ana kashe kuɗi wajen dasa itatuwa don tare hamada, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 wani ɗan mishan daga Ostireliya, masanin aikin gona, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsire-tsiren da ake sassabewa kowace bazara toho ne daga kututturan itatuwa masu rai, waɗanda saiwarsu ke nan a ƙasa. In an zaɓi toho kaɗan masu ƙarfi, aka datse sauran, aka kare su, sai itace ya tashi da sauri. A yunwar 1984 aka haɗa wannan da rabon abinci, mutane suka bar itatuwa a gonakinsu; da rabon ya ƙare, da yawa suka sare su. Ga darasi a nan: abin da aka yi don tsaba ba ya daɗewa. Waɗanda suka bar nasu suka ga iska ta daina binne musu shuka, suka sami itacen girki da abincin dabbobi, ƙasa kuma ta yi kyau a gindin gawo. Daga nan maƙwabci ya koya daga maƙwabci, suka sa masa suna sassabin zamani. Kowa ya zaɓi irin itacen da yake so da yawan da gonarsa za ta ɗauka. Abin da ya ƙara masa ƙarfi shi ne, hukuma ta sassauta dokar da ta mai da itatuwa mallakar gwamnati, manomi ya tabbata abin da ya raina nasa ne. Masu bincike sun ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan 5 sun sake yin kore a kudancin Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200. Baƙo ya kawo ido, amma masu gona ne suka yanke shawara.

Akwai wata matsala da ta fi kusa da mu. In aka ce "an shawarci jama'a", su wane ne jama'ar? Sau da yawa baƙi sukan zo da mota, su zauna da mai gari da manyan mutane biyar, a ɗauki hoto, a sa hannu a kan takardar da aka riga aka rubuta a birni. Wannan ya fi rashin tambaya muni, domin ya ƙara ƙarya a kan raini. Matar da ke tafiya neman ruwa ita ta san rijiyar da ke fara ƙafewa, ita ce kuma mai ajiyar irin wake da kuɓewa. Mai aron gona ba zai raini itace a ƙasar da za a karɓe baɗi ba. Makiyayi kuwa, in aka tsara fadama aka manta da burtali da mashaya, mun san da abin da ake biya. A ƙauyen Ɗan Saga, a yankin Agye na Maraɗi, kwamitin da ke tsaron itatuwa ya haɗa da mata da Fulani makiyaya, saboda an gane cewa dokar da mutum bai sa baki a cikinta ba, da wuya ya kiyaye ta.

Mu a majami'unmu ba mu da madatsu ko na'urorin duba sama, amma muna da abin da hukumomi da yawa suke nema ba su samu ba: mutanen ƙauye da ke taruwa kowace Lahadi, da katikis da ya san kowane gida, da Zumuntar Mata, da ƙungiyar matasa. Kafin ruwan fari ya sauko, kowace majami'a tana iya keɓe yamma ɗaya. A gayyaci malamin gona ya karanta hasashen bana da Hausa, a gayyaci maƙwabtanmu Musulmi da arɗon rugar da ke kusa, gama ruwan sama bai san iyakar addini ba. A zana taswirar gari a ƙasa, kowa ya nuna inda ruwa ya ci bara, da inda ƙasa ke zaizayewa, da inda shanu ke bi. A bar mata su fara magana, domin in manya suka riga su, ba za su buɗe baki ba. Katikis ya rubuta abin da aka yarda a kai, a aika da kwafi ga ofishin adalci da salama na dayosis, a ajiye ɗaya a majami'a, a buɗe shi bayan kaka a ga inda hasashen ya yi daidai da inda ya kauce.