Sa Hannu Amana Ne: Izinin Gina Makarantar Koyon Sana'a

Akwai wata tambaya da takan taso sa'ad da jama'a suka haɗa kuɗi domin su gina wa 'ya'yansu makarantar koyon sana'a. An sami fili, an sayi siminti da rodi, an kai zanen gini ofishin ƙaramar hukuma, sai takarda ta kwanta a kan tebur wata da watanni. A nan ne wani a cikin kwamiti yakan ce, tun da aikin alheri muke yi, ina laifi in mun ba ma'aikaci ɗan goro ya sa hannu, ko kuwa mu fara gini kafin izini ya fito?

Kada mu raina wannan magana. Samarinmu suna zaune ba aikin yi. Gwamnati da kanta ta gane haka tun 1986, lokacin da ta kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, wadda take tura matasa koyon sana'a wurin gwanaye. Duk watan da aka yi ana jira, kuɗin siminti yana hawa, damina tana matsowa, wani yaro kuma yana fid da zuciya ya bi abokan banza.

Duk da haka sai mu tambayi kanmu abin da sa hannun yake nufi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da fili a karkara, dokar tsara birane da yankuna ta 1992 kuma ta wajabta neman izini kafin a yi gini. Wanda ya sa hannu yana shaida cewa filin ba na wani ba ne, harsashin zai ɗauki nauyin ginin, akwai ƙofofin fita in wuta ta tashi, kuma ɗakin walda bai manne da inda ake tara katako ba. Iyayen da za su kawo 'ya'yansu ba su iya auna rodi ko gwada ƙarfin bulo ba, sun dogara ga wannan shaida. A ranar 12 ga Yuli 2024, benen wata makaranta a unguwar Busa Buji a Jos ya rufta wa ɗalibai suna cikin aji, mutum 22 suka rasu. Rayuka irin waɗannan ne suke rataye a bakin alƙalamin ma'aikaci.

Wani zai ce, ai niyyarmu mai kyau ce, Allah zai kiyaye. Bari mu tuna da Yohanna Bosko mai tsarki, wanda ya ba da dukan ransa ga yara masu koyon sana'a a birnin Turin na ƙasar Italiya. A 1852 ya sa hannu a yarjejeniya tsakanin wani kafinta da yaronsa, domin kada a doki yaron, a kuma bar shi ya huta ranar Lahadi. Amma a ƙarshen wannan shekara, sabon ginin da yake yi wa yaransa ya rushe bayan ruwan sama mai yawa, tun ba a gama shi ba. In har tsarkin maigida bai riƙe bango ba, balle kyakkyawar niyyar kwamitinmu.

Ikilisiya tana koya mana cewa ba a aikata mugunta domin alheri ya fito daga cikinta. Goron da aka bayar domin a tsallake bincike cin hanci ne, ko da wane suna aka kira shi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: injiniyan da ya karɓa ba shi da sauran bakin cewa a ƙara siminti. Sa'an nan ku duba waɗanda za su zauna cikin ginin. Su ne birkiloli da kafintoci na gobe. Darasinsu na fari shi ne labarin yadda aka gina makarantarsu, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku kuma 'yan'uwanmu da kuke aiki a ƙaramar hukuma, nauyin da yake kanku ya fi. Ɓoye takarda cikin durowa har sai an kawo goro, sata ce daga bakin talaka. Sa hannu ba tare da zuwa ganin fili ba, shaidar zur ce. In zanen yana da gyara, ku faɗa a fili kuma da wuri.

To, me kwamiti zai yi in an ja masa rai? Ya biya kuɗin da doka ta sa, ya karɓi rasit, ya rubuta ranar da ya kai takarda. In shiru ya yi yawa, a tafi da kansila da mai unguwa da iyayen yara a ga ciyaman da rana tsaka. Kafin izini ya fito, gwanayen ikilisiya su karɓi yaran a shagunansu, kada koyo ya tsaya. Wannan hanya tana da tsawo, amma ranar buɗe makaranta za mu iya duban idon kowace uwa mu ce mata, ki bar ɗanki a nan.

Allah ya ba mu haƙuri da gaskiya. Amin.