Leƙa Bayan Rumfar Mai Tuwo

Ɗana, in hanya ta bi da kai daga Gusau zuwa Gummi, ka tsaya cin abinci a Anka ko Daki Takwas, ina so ka yi mini abu guda. Kafin ka wanke hannu ka tashi, leƙa bayan rumfar. Za ka tarar da yaro ko yarinya a tsugune gaban baho, hannu duk ya yi fari saboda ruwan omo, ga kwanoni jibge. Kai mai tuwo ka sani, ita ka gaisar, ita ka biya. Wanda ya ɗebo ruwa tun asuba, ya hura wuta, ya kankare tukunya kuwa, ko sunansa ba ka tambaya ba.

In ka tambayi nawa ake biyansa, sau da yawa amsar da za ka ji ita ce, "Ai a nan yake ci." To, ci dai ko jaki ana ba shi dusa don ya ɗauki kayan gobe. Ƙanzo da ragowar miya ba sa sayen takalmi, ba sa sayen maganin zazzaɓi.

Kada ka ce doka za ta tsaya masa. A watan Yulin 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi a Nijeriya daga naira 30,000 zuwa 70,000, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Wane mai shayi ne a Bukkuyum yake da yara 25? Wace mai shinkafa da wake a kasuwar Nasarawar Burkullu? Saboda haka yaron nan ba shi da kowa sai Allah, sai imanin uwar ɗakinsa, sai kai da ka zo ci.

Abin da ya ƙara karya darajar irin wannan aiki a ƙasarmu, kai ma ka san shi. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka, mutane sun kwararo cikin Anka da Gummi da abin da ke jikinsu kawai. Matar da jiya take da rumbun gero, yau ita ce ke bin gidajen abinci tana cewa a ba ta wanke-wanke ko don 'ya'yanta su sami na dare. Mai neman na dare ba ya ciniki, duk abin da aka miƙa masa sai ya ce an gode. A nan ne ake gane mai tsoron Allah, domin arhar da ta fito daga musibar wani ba riba ba ce. Ka tuna kuma watan Satumban 2021, da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako aka katse layukan waya. Mai albashi ya jira ƙarshen wata. Wanda ladansa na yini ne, da kasuwa ta mutu, shi ma tukunyarsa ta mutu.

Mu Hausawa ba baƙin kyauta ba ne. Muna da tukwici: a aiko yaro da saƙon alheri, ka sa masa wani abu a hannu. Amma tun kaka da kakanni ba a taɓa lissafa tukwici cikin lada ba. A Amurka ne aka cakuɗa su. Can, dokar tarayya ta yarda a biya mai kai abinci tebur dala 2.13 kacal a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991, a kan cewa masu cin abinci za su cike sauran da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abin da suka ci. Wato an mai da abincin ma'aikaci ya rataya a kan fara'ar baƙo. Ban so mu kwaso wannan. A Birtaniya kuwa sai da aka kafa doka, ta fara aiki ran 1 ga Oktoban 2024, don a hana masu gidajen abinci riƙe tukwicin da aka bar wa ma'aikatansu. Ka ga ashe son zuciya ba shi da ƙabila.

Mu ma abin ya iso mana ta wata ƙofa. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, kowa ya koma tiransifa da POS. Da, canjin da ya rage sai ka ce wa yaro ya riƙe. Yanzu kuɗin asusun maigida yake faɗawa, yaron ko ƙamshinsa ba ya ji. Haka in ka sauka babban otal a Abuja ko Kano ka ga an ƙara maka kuɗin hidima a takarda, ba laifi ba ne ka tambayi mai yi maka hidimar ko yana isa hannunsa. In za ka yi alheri, riƙe 'yan canji a aljihu, ka sa a tafin wanda ka nufa, ba tare da ka ɗaga murya jama'a su ji ba. Kuma ka daina kiransa da "kai, yaro" kana tafa hannu kamar mai korar kaji.

In kuwa Allah ya sa wata rana kai ne mai teburin shayin, to ku yanke lada da yaron aikinka tun ranar farko, a faɗi adadi a gaban shaida. Ka biya da yamma kafin ka ƙirga ribarka. Na san fulawa da sukari da madara sun yi tsada tun da aka cire tallafin mai a 2023, na san ciniki ba kamar da ba. Amma ba ka taɓa ce wa mai burodi ya yi haƙuri sai kasuwa ta gyaru, domin ka san gobe ba zai kawo ba. Yaron kake ce wa haka, saboda ka san ba shi da wurin zuwa. Kofi ya fashe, kada ka zaftare masa ladan kwana uku. In kuma almajiri ne, ka sallame shi da wuri ya je ya sami karatun dare.