Tsadar Sani: Tsakanin Gano Amsa da Gaskata Ta

Malaman usulul fiƙihu, irin su Imam Juwaini a littafinsa Waraƙat, sun kasa ilimin ɗan Adam gida biyu: na larura, wanda ake samu ba da bincike ba, kamar abin da ido ya gani ko kunne ya ji, da na nazari, wanda sai an bi hujja daki-daki kafin a kai gare shi. Abin da ba su auna ba shi ne tsawon tafiyar da nazarin zai ci, kuma wannan awon shi ne aikin fannin sarƙaƙiyar lissafi da ɗaliban kimiyyar kwamfuta suke karantawa a jami'a, inda ake ƙidaya matakan da algoridim, wato jerin ƙa'idojin da ake bi don warware matsala, zai buƙata yayin da matsalar take ƙara girma.

Falken da yake son ya zaga garuruwa ya dawo gida ta hanya mafi gajarta yana da zaɓi 181,440 idan garuruwan goma ne har da nasa, amma idan suka kai 25, kwamfutar da ke duba hanya biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa za ta shafe kusan shekara miliyan 10 kafin ta gama. Akwai dabarun da suke rage wahalar ƙwarai, sai dai har yau ba a samu wadda ta kashe bakin wannan ninkuwa gaba ɗaya ba. Duk da haka, idan wani ya kawo hanya ya ce tsawonta bai wuce kaza ba, ɗan firamare ma zai iya tara alƙaluman ya tabbatar. Matsalolin da ake warwarewa cikin sauri su ake kira P, waɗanda ake iya tabbatar da amsarsu cikin sauri kuwa NP, kuma tambayar da Stephen Cook ya tsara a 1971, wadda Leonid Levin ya kai gare ta shi kaɗai a Tarayyar Sobiyet, ita ce ko rukunan biyu ɗaya ne.

Nauyin tambayar ya wuce na injuna, kamar yadda Kurt Gödel ya hango tun 1956 a wasiƙarsa ga John von Neumann, domin idan gano amsa bai fi tabbatar da ita wuya ba, to duk mai iya gane ingantacciyar hujja zai iya ƙirƙiro ta, kuma fifikon mujtahidi a kan ɗalibin da ya fahimci dalilinsa ya rushe ke nan. Yawancin masana ba su yarda hakan zai yiwu ba, ko da yake zato ne mai rinjaye kawai.

Alan Turing ya nuna a 1936 cewa akwai tambayoyin da babu algoridim ɗin da zai amsa su, amma iyakar da ake magana a kanta a nan ta fi ciwo, saboda amsar tana nan, hanyar an san ta, tsawon rai ne kawai babu. Wannan ya yi daidai da abin da malaman tauhidi suka faɗa, cewa ba a siffanta ilimin Allah da nazari domin nazari jahilci ne yake gabatarsa. Ilimin bawa kuwa da lokaci ake sayensa. Lissafi ba ya kafa hujjar aƙida, kuma kuskure ne a ɗora masa wannan kaya, amma ya rusa tunanin mai ganin cewa ƙara wa injin gudu zai buɗe kowace ƙofa.

Tsaron kuɗin da ake turawa ta intanet ya dogara ne a kan wannan giɓi na tsakanin gano amsa da tabbatar da ita, kuma dala miliyan ɗaya da Cibiyar Lissafi ta Clay ta ajiye a 2000 ga wanda ya warware tambayar P da NP har yanzu ba a karɓa ba.