Ribar Tsakanin Alkawari Da Cikawa

A watan Disamba na 2018 bankunan Access da Diamond suka ba da sanarwar za su haɗe. Sharaɗin shi ne duk mai hannun jari bakwai na Diamond za a ba shi biyu na Access, da kuma naira ɗaya a kan kowane hannun jari. A lissafin lokacin, kowane ɗaya ya tashi naira 3.13. Amma a kasuwar hannun jari ta Legas an ci gaba da sayar da shi ƙasa da haka, domin sai Babban Banki da masu hannun jari da kotu sun amince, ana kuwa iya fasawa. Wanda ya saya a lokacin, ya jira har aka kammala a 2019, ya ci ribar wannan tazara. To, halal ya ci?

Ba kowace ribar jira ce riba irin wadda Alƙur'ani ya hana ba. Ɗan kasuwar Zakka da ya sayi gero da kaka ya zuba a rumbu har bazara, in farashi ya faɗi ko ƙwari suka ci, shi ke da asara. Don haka malamai suka halatta masa abin da ya samu, muddin bai ɓoye abinci ya ƙuntata wa jama'a ba. Haka mai sayen hannun jari: ya mallaka, ya kuma ɗauki kasadar rushewar magana.

Matsalar tana wajen rabin dabarar na biyu. Gwanayen wannan sana'a ba sa son kasada, sai su ari hannun jarin kamfanin da zai haɗiye ɗan'uwansa, su sayar nan take, su biya da wanda za a ba su daga baya. Manzon Allah (SAW) kuwa ya hana Hakimu ɗan Hizamu sayar da abin da ba ya wurinsa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta hana sayar da hannun jarin da mutum bai mallaka ba. A zaman nan kuma ta haramta jari a kamfanin da tushen aikinsa kuɗin ruwa ne, wannan kuwa ya rufe ƙofar bankunan nan biyu tun daga farko. Da kamfanonin siminti ne, kamar na Sakkwato da ya narke cikin BUA, da hukuncin ya sauƙaƙa.

Saura wanda ya ji labarin haɗewar a asirce kafin a sanar. Shi kam daidai yake da dillalin da ya tare manomi a hanyar Batsari, ya saye masa kaya kafin ya ji farashin kasuwa. Shari'a ta hana irin wannan tarya, wasu malamai ma sun ba manomin damar warware cinikin idan ya isa kasuwa ya ga an cuce shi. Wanda ya sayar da hannun jarinsa a Legas kuwa ko sunan mai sayen bai sani ba, balle ya bi sawunsa.