Maraɗi Ma Ƙasar Waje Ce

A wani ƙauye na ƙasar Daura akwai wani dattijo da ake misali da gonarsa. Bazara na kamawa zai fita da 'ya'yansa, kowa da adda ko gatari, su bi gonar lungu-lungu. Duk sabara ko kalgon da ya tsiro sai sun sare shi a gindi, su tara, su cinna wuta. Kafin ruwan fari gona ta zama fes, ko tsinke babu. Haka ya taso ya ga mahaifinsa yana yi, kuma haka malaman gona na da suka koya wa mutane, cewa manomin kirki shi ne mai tsabtar gona. Abin da ba a cika faɗa a majalisa ba shi ne damman geronsa suna raguwa kowace shekara, ga shi takin zamani ya fi ƙarfin aljihunsa.

A cikin 'ya'yansa, Auta ne kaɗai ya yi nisa a boko. Yana aji uku a tsangayar aikin gona ta wata jami'a aka yi shelar an samu guraben gajeren kwas a ƙasashen waje lokacin dogon hutu. Gurbi biyu na Holand ne, sauran na Jamhuriyar Nijar, mako uku a Maraɗi. Auta ya cike takarda, ya sa Holand a gaba, ya kira Inna ya ce ta taya shi da addu'a. Inna kuwa farin ciki ba ya kwana a cikinta. Kafin la'asar unguwa duk ta ji cewa Auta zai hau jirgin sama.

Da sunaye suka fito, abokin ɗakinsa ne ya samu Holand. Auta aka ba shi Maraɗi.

Ranar ya sha tsiya. Wannan ya ce ya taho masa da kilishi, wancan ya ce shi cuku yake so. Da labari ya isa gida, Baba cewa ya yi, "Maraɗin? Ai kakanka da jaki yake zuwa fatauci, kuma ba wanda ya ce ya je ƙasar waje." Washegari Auta ya je ofishin malamin da ke kula da tafiyar.

"Malam, ina so a ba wani gurbina."

"Saboda me?"

"Ranka ya daɗe, ƙasarsu ta fi tamu bushewa, ruwansu bai kai namu ba, kuma Hausa suke yi kamar mu. Me zan koyo a can?"

Malam ya cire tabarau ya dube shi. "To ai dalilan zuwan ke nan ka gama lissafa mini. Ka je. In ka dawo ba ka ga komai ba, ni zan biya ka kuɗin motarka."

Haka Auta ya shiga mota rai a ɓace. Suka bi ta Katsina, suka wuce Jibiya, aka duba takardunsu a kan iyaka, suka ratsa Ɗan Isa suka shiga Maraɗi, garin da sarakunan Katsina suka koma bayan jihadi, inda har yau ake kiran sarkin da Sarkin Katsina. Damina ce, gero ya kai ƙugu. A hanya ya lura gonakin cike suke da itatuwa, manya da ƙanana, a tsakiyar shuka. Ya ce a ransa mutanen nan ko sharar gona ba su iya ba.

Makon farko a aji aka yi shi, ana Faransanci ana juyawa da Hausa. Aka ba su tarihin farin 1973 da na 1984, yadda itatuwa suka ƙare, iska ta riƙa kwashe ƙasar noma, aka kashe kuɗi masu yawa wajen rainon dashe, amma akasarin dashen ya mutu saboda rana da awaki da gara. Aka ba su labarin Tony Rinaudo, wani ɗan Ostareliya da ya yi aiki a Maraɗi, wanda a 1983 ya tsaya a daji don rage iskar tayar motarsa saboda yashi, ya duba wani ɗan tsiro da kyau, ya gane ashe toho ne daga kututturen itacen da aka sare, saiwarsa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ke nan ba a bukatar dashe. Abin da ake bukata shi ne a daina kashe wanda yake ƙoƙarin tashi. Lokacin yunwar 1984 an ba manoma abinci a kan su bar itatuwa a gonakinsu. Da abincin ya ƙare da yawa suka sare nasu, amma waɗanda suka bari sun ga amfani, maƙwabta suka gani, abin ya riƙa tafiya daga gona zuwa gona. Dokar ƙasa ma ta sassauta, musamman a 1993 da 2004, manomi ya samu natsuwar cewa itacen da ya raina zai mora, ba tara zai jawo masa ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya, wadda mutanen can ke kira sassaben zamani, an farfaɗo da ƙasa kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Auta yana rubutawa ne kawai kamar yadda ya saba rubuta abin jarrabawa, sai malamar ajin ta haska wani hoton da aka ɗauka daga sama. Hoton kan iyaka ne. Gefe guda ɗige-ɗigen itatuwa ne birjik, ɗaya gefen fari fat, sai jefi-jefi. Ta ce su faɗi wanne ne Nijeriya. Dukansu suka nuna mai itatuwan, tunda mu ne a kudu, mu ne da ruwa. Ta girgiza kai. Ƙasa iri ɗaya, ruwan sama kusan ɗaya, harshe ɗaya, wasu ma dangin juna ne, amma farin gefen shi ne namu. Ajin ya yi tsit. Auta ya dubi farin nan, ya ga gonar Baba.

Mako na biyu aka kai su Ɗan Saga, wani ƙauye a yankin Agiye, gabas da Maraɗi, aka rarraba su ga manoma. Shi aka haɗa shi da wani tsoho marar haƙoran gaba, wanda bai taɓa zama a aji ba. Tsohon ya kai shi gindin wata sabara mai rassa kusan goma sha biyar, ya miƙa masa adda.

"Ɗana, shekararka nawa kana karatun gona?"

"Uku, Baba."

"Madalla. To gyara mini wannan."

Auta ya san sunan sabara da Latin, ya san na gawo, ya taɓa cin maki a kansu. Ya ɗaga adda ya sara daga sama zuwa ƙasa, reshen ya tsage, ɓawon ya ɗaye har gindi. Tsohon ya kama hannunsa.

"A'a, ɗana. Icce ba abokin gaba ba ne. Ka ji masa ciwon da gara za ta bi."

Ya karɓi addar, ya wasa ta a dutse, ya tsuguna. Ya zaɓi rassa huɗu mafi miƙewa da ƙarfi, ya yanke sauran daga ƙasa zuwa sama, yanka ɗaya tsaf. Waɗanda ya bari ya rage musu ƙananan rassa har zuwa rabin tsayinsu, ya haɗa su ya ɗaure da jan ƙyalle don kowa ya san da mai su. Ya ce baɗi za a cire ɗaya a yi girki, wata shekarar a cire wani, har a bar guda ya zama itace. Abin da aka yanke yau kuma, ganyen ya zauna a gona, karan ya tafi murhu. Sai da Auta ya lalata sabara uku kafin tsohon ya ce, "Yauwa, yanzu ka fara."

Daga nan ya ja shi gindin wani babban gawo. Gawo dai itace ne mai saɓa wa 'yan'uwansa: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Saboda haka ba ya tare wa shuka rana, ganyensa taki ne, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare, dabbobin kuma su sha inuwa su bar kashi a wurin. Duk wannan yana cikin littafin aji biyu na Auta. Abin da littafin bai iya yi masa ba shi ne tsayar da shi a wurin, ya ga geron gindin gawo ya yi baƙi-ƙirin ya kere masa kai, na nesa da shi kuwa ko kafaɗarsa bai kai ba. A ganina darajar irin wannan tafiya ke nan. Mako uku ba ya mai da ɗalibi gwani, amma yana isa ya sa abin da ya haddace ya zama abin da ya yarda da shi, kuma tsakanin biyun akwai tafiya mai nisa.

Da dare matar tsohon ta ba shi labarin shekarun da suke fita neman itace tun hantsi sai azahar, in ba a samu ba a yi girki da kara da kashin shanu. Ta ce abin da ya fi wuya a farko shi ne dariyar mutane da ɓarayin dare. Sai da gari ya kafa kwamitin tsaron itatuwa, da maza da mata da wakilin makiyaya, kafin abin ya zauna. Auta bai ɗauki wannan da muhimmanci ba, amma ya rubuta.

Mako na uku rahoto suka rubuta, aka ba su takardar shaida, suka dawo. Bai je karɓar kuɗin mota wurin Malam ba.

Abokinsa na Holand ya dawo da ƙatuwar rigar sanyi da hotunan gidajen gilashi inda ake noman tumatir ba a cikin ƙasa ba. An yi ta kallon hotuna, ba wanda ya nemi ganin na Auta. Amma kada a raina tafiyar abokin, don shi ma ya taho da wani hali. Da Auta ya ce masa geron gindin gawo ya fi kyau, sai ya ce, "Ya fi da nawa? A can ba a karɓar 'ya fi kyau' sai da awo." Shi ya zauna ya tsara masa yadda zai auna fili biyu daidai wa daida, ya riƙa rubuta ranar shuka, da ranar ruwa, da yawan tiyar da kowanne ya bayar.

Baba ne ya zama aiki. Da bazara ta zo Auta ya kawo maganar, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Wato na biya kuɗin makaranta ne don a koya maka ƙazantar gona? Tsuntsaye su samu wurin sauka, inuwa ta kashe mini gero, mutane su ce na tsufa na kasa?" Inna ce ta sa baki daga bakin murhu. "Malam, ka ba shi ko ɗan gefe ne. Ni dai na san nawa nake sayen itace." Baba ya ba shi kusurwar gabas, jigawar da ya riga ya fid da rai da ita. Inna ta ba shi wani tsohon jan zanenta ya yayyage.

Shekarar farko ba ta yi daɗi ba. Masu wucewa suna tambaya ko wannan ce tsarabar ƙasar wajen. Wata safiya ya tarar an sare kusan rabin abin da ya ɗaure. Nan maganar tsohuwar Ɗan Saga ta dawo masa. Ya je ya gaida mai unguwa ya yi masa bayani, ya je rugar da ke kusa ya zauna da Arɗo, suka yi magana a kan cewa mai bukatar ganye ya tambaya a nuna masa reshen da zai yanka. Saran bai ƙare duka ba, amma ya ragu.

A damina ta biyu, kwana kaɗan bayan shuka, aka yi irin iskar nan ta gabas mai tahowa kafin hadari, wadda ke ɗibar yashi ta yanke jaririn gero ta binne saura. Baba ya sake shuka kusan duk gonarsa, da irin da ya ranto. Kusurwar Auta, inda sabara da kalgo suka kai tsayin mutum, ba ta bukaci sake shuka ba. Da kaka aka auna. Bambancin bai kai a buga ganga ba, don 'yan gawon da ya raina ko ƙugu ba su kai ba, kuma gawo ba ya sauri. Amma jigawar da aka fid da rai da ita ta ɗara filin da aka gwada ta da shi, ga kuma tarin itace a bayan ɗakin Inna. Wannan awon ne Auta ya rubuta kundin kammala digirinsa a kai.

Baba bai ce komai ba. Da bazara ta zagayo, babban ɗansa ya ɗaga gatari zai sare wani kalgo a tsakiyar gona, sai ya ce, "Dakata." Ya waiga. "Auta, zo ka nuna mini yankan nan naku na ƙasa zuwa sama." Ya ɗan yi shiru, ya ƙara da cewa, "Kuma ba sai an ji a majalisa cewa ni na tambaya ba."

Shugabannin tsangayoyi da ke jiran sai an samu kuɗin jirgi kafin a fitar da ɗalibai, ku duba maƙwabta: tsakanin Katsina da Maraɗi bai wuce kilomita 100 ba. Kai kuma ɗalibi, in aka ba ka gurbin mako biyu ko uku, kusa ne ko nesa, ka karɓa. Kafin ka tashi ka rubuta matsala ɗaya da ke damun garinku, in ka isa ka tambayi mutanen wurin yadda suka yi da tasu.