Ranar da Alƙali Ya Zama Mai Ƙara

Malaman fiƙihu ba su cika kyautata zato ga mutumin da ya tashi da ƙafarsa ya nemi alƙalanci ba. Almajirin da ya daɗe a zauren malami zai ji labarin Abu Hanifa, wanda halifa Mansur ya nemi ya naɗa shi alƙali a Bagadaza, ya ƙi, aka jefa shi kurkuku, ya rasu a shekarar 767 bai ɗaura wannan rawani ba. Zai kuma ji na Sahnun, mutumin Ƙairawan mai littafin Mudawwana, wanda bai karɓi muƙamin ba sai a 848, bayan ya haura shekara 70, an sha fama da shi, har ya gindaya sharaɗin cewa hukuncinsa zai hau kan dangin sarki yadda yake hawa kan kowa. Abin da ake so almajiri ya gane shi ne, kujerar shari'a wuta ce, wanda yake gaggawar hawanta kuwa akwai abin da ya hango ban da adalci.

Sai dai malaman ba su rufe ƙofar baki ɗaya ba. Ibn Farhun, ɗaya daga cikin manyan Malikiyya, ya kasa neman alƙalanci gida biyar, tun daga haram har zuwa wajibi. Yana zama wajibi idan mutum ya san cewa in ya yi shiru haƙƙin mutane zai salwanta, ko kujerar ta faɗa hannun wanda bai dace ba. Sukan kafa hujja da Annabi Yusufu, wanda ya nemi a ɗora shi kan rumbunan Masar, a ƙarƙashin sarkin da ba addininsu ɗaya ba. Ke nan abin dubawa shi ne abin da zai ɓace idan mai nema ya kama bakinsa.

Da wannan ma'auni ana iya auna wata rigima da ta auku nesa da nan, a Indiya ta zamanin mulkin Ingila, tsakanin mutanen da ba fiƙihu suka karanta ba. Rigimar ƙarin girma ce tsakanin ma'aikatan shari'a, irin wadda aka saba kashewa a cikin ofis ba tare da kowa ya ji ba, amma wannan ta fito fili har ta girgiza daula.

Manyan ma'aikatan da ke riƙe da Indiya a wancan lokaci ba su wuce kimanin mutum dubu ɗaya ba, su ne gwamnonin gunduma, su ne kuma alƙalanta. A 1858 Sarauniya Victoria ta yi shela cewa launi ko addini ba za su hana kowa aikin gwamnati ba muddin ya cancanta. An faɗi haka, amma jarrabawar shiga aikin a Landan kaɗai ake yin ta, a 1876 kuma aka rage shekarun masu zama jarrabawar zuwa 19, yadda sai ɗan mai hali ƙwarai zai iya tsallaka teku yana yaro ya gwada sa'arsa. Duk da haka wasu ƴan tsiraru sun kutsa. A 1869 samari uku daga Bengal suka ci jarrabawar: Romesh Dutt, Surendranath Banerjea da Bihari Lal Gupta.

Gupta ya yi aikin majistare a Kalkata, inda doka ta ba shi ikon yi wa kowa shari'a, Bature ko baƙi. Haka abin yake a manyan birane uku, Kalkata da Bumbai da Madras. A wajen waɗannan birane kuwa, dokar 1872 ta ce Baturen Ingila ba ya gurfana kan laifi sai gaban alƙali ɗan'uwansa Bature. To, hanyar ƙarin girma ta bi ta gundumomin karkara ne. Ma'ana, ranar da aka ɗaga Gupta zuwa babban muƙami a gunduma, a ranar zai rasa ikon da yake da shi tun yana ƙarami, kuma idan aka kawo Bature mai laifi, sai ya miƙa shari'ar ga wani saurayin Bature da ke aiki a ƙarƙashinsa. An ƙara masa tsawon rawani an rage masa tsawon sanda. A farkon 1882 ya rubuta takardar koke zuwa ga gwamnan Bengal, Ashley Eden, yana nuna wannan tufka da warwara.

Babu mai iya tsaga ƙirjin Gupta ya ga niyyarsa, kuma ba sai an mayar da shi waliyyi ba. Mutum ne mai albashi da iyali, mai jin zafin a ce yaron da ya tarar da shi a aiki ya fi shi iko saboda fatar jiki. Ga alama kishin kai na cikin abin da ya sa shi ɗaukar alƙalami. Amma a duba waɗanne Turawa ne ke zaune a karkara: masu gonakin shayi na Asam da masu gonakin baba na Bengal da Bihar, waɗanda ke riƙe da dubban leburori bisa yarjejeniyar shekaru, har doka ta yarje wa mai gonar shayi ya kama leburan da ya gudu ba tare da takardar alƙali ba. Duka ba baƙon abu ba ne a waɗannan gonaki, kisa ma yakan faru. A Agra, wani lauya Bature mai suna Fuller ya bugi mai kula da dokinsa, mutumin ya mutu. Aka ce saifarsa ce dama ta kumbura, aka ci Fuller tarar rufi 30. Abin ya yi muni har babban gwamna na lokacin, Lytton, wanda ba a san shi da tausayin ƴan ƙasa ba, ya rubuta takardar tsawatarwa. Saboda haka tambayar wane alƙali ne zai zauna ba ta tsaya kan girman Gupta ba. Ran leburan da ba ya karatu, wanda ba zai taɓa rubuta wa gwamna takarda ba, yana rataye a jikinta.

Haka zalunci yakan fara shiga takarda sau da yawa. Wanda aka fi cuta ba shi da alƙalami, wanda ke da alƙalami kuwa ba ya motsawa sai ƙayar ta soki tasa ƙafar. Wanda ya ce ba zai saurari koke ba sai ya fito daga zuciyar da babu ɗigon son kai a cikinta, zai daɗe yana jira, azzalumi kuma zai yi barcinsa da minshari.

A cikin shekarar nan ta 1882 aka yi wata rigimar a babbar kotun Kalkata. Alƙalin alƙalai, Richard Garth, zai tafi hutu, kuma bisa al'ada wanda ya fi daɗewa a kujera shi ke riƙon ƙwarya. Wanda ya fi daɗewa kuwa ɗan ƙasa ne, Romesh Chunder Mitter. Garth ya nuna ƙin amincewa, amma sabon babban gwamna, Ripon, ya tsaya kan al'ada, Mitter ya riƙe kujerar na ɗan lokaci. Ana yawan raina ƙa'idar daɗewa a aiki, ana cewa makauniya ce, tana ɗaga malalaci tare da mai ƙwazo, kuma akwai gaskiya a wannan suka. Amma makantar tata ita ce amfaninta a gidan shari'a. Kalmar cancanta tana da daɗin ji, sai dai wanda ke sama shi ke fassara ta, kuma alƙalin da ya san cewa ci gabansa na hannun ra'ayin wani, da wuya ya yanke hukunci bai saci kallon fuskar wannan wani ba. Lissafin shekaru ba ya duban fuska. Shi ya sa masu son toshe hanya, a duk lokacin da lissafin ya kawo wanda ba su so, sai su tuna cewa ai akwai cancanta.

Ripon ya karɓi koken Gupta da muhimmanci. A watan Fabrairu na 1883 mai kula da dokoki a majalisarsa, Courtenay Ilbert, ya gabatar da ƙudurin da zai ba manyan alƙalai ƴan ƙasa ikon yi wa Turawa shari'a a karkara. Waɗanda abin zai shafa nan take ana iya ƙirga su da yatsu. Duk da haka Turawan Indiya suka tashi kamar an taɓa gidan rina. Suka yi gangami a babban zauren birnin Kalkata a ƙarshen watan, suka kafa ƙungiyar kare kansu, suka tara kuɗi, jaridunsu suka yi ta zagin Ripon, aka riƙa jan hankali da cewa za a kai matan Turawa gaban baƙin alƙali. Alƙalan Turawa na babbar kotun Kalkata ma suka rubuta rashin yardarsu. Wannan hayaniya ta tona abin da shelar 1858 ta lulluɓe: an yarda ɗan ƙasa ya ci jarrabawa, ya ci albashi, ya ɗaure ɗan'uwansa, amma ba a yarda ya ɗaga ido ya dubi Bature a matsayin wanda ake tuhuma ba.

A watan Janairu na 1884 aka sasanta. Babban majistaren gunduma da babban alƙalinta, ko da ƴan ƙasa ne, sun sami ikon zama kan shari'ar Bature. Amma aka ba Baturen damar neman a kawo masu taya shari'a, wato mutanen gari da ke sauraron shaidu su faɗi ko an yi laifi ko ba a yi ba, kuma aƙalla rabinsu su kasance Turawa ko Amurkawa. A gundumar da Turawanta duka masu gona ne, abokan cin abinci da farauta, ba sai an yi dogon tunani ba kafin a san abin da za su faɗa.

A nan ne rigimar ta rabu biyu, aka ga cewa tun farko kaya biyu ne a cikin buhu ɗaya. Na farko mutuncin ma'aikaci: wannan an biya shi, domin babu sauran doka da ta ce Gupta ya sauka daga kujera yaronsa ya hau. Na biyu haƙƙin lebura: wannan an bar shi inda yake, wataƙila ma an ƙara nisanta shi, tunda yanzu ko alƙali Bature mai tsoron Allah ba zai iya ɗaure mai gona ba sai da yardar maƙwabtansa. Ba laifin Gupta ba ne, ba shi ya rubuta sulhun ba. Amma abin yana nuna raunin da ke tattare da duk koken da ya shigo ta ƙofar muƙami. Mai mulki yana iya raba shi, ya sallami mai koke da abin da ya shafe shi, ya riƙe sauran. Rawani abu ne mai araha a wurin mai naɗawa.

Mai karatu a wannan yanki zai iya tuna makamancin haka a ƙasashen da Faransa ta mallaka. A can ba a ma bar tambayar ta taso ba: kotun ƴan ƙasa daban, kumandan ke shugabantar manyanta, dattawan gari na gefensa a matsayin mashawarta, Bafaranshe kuwa kotunsa daban. Lamine Guèye na Senegal, wanda ya sami digirin dakta a fannin shari'a a 1921, da ya shiga aikin alƙalanci a tsibiran Réunion da Martinique ya yi shi, nesa da gida. Dokoki biyu na ɗauke da sunansa: ta 1946 da ta mayar da talakawan mulkin mallaka ƴan ƙasa, da ta 1950 da ta nemi daidaita ma'aikata baƙi da farare wajen albashi da ɗaukar aiki. Ta farko ta manomi ce da ma'aikaci baki ɗaya, ta biyu ta masu albashi ce, kuma ba ƙaramin abu ba ne a ce ta manomin ce ta riga zuwa.

Akwai sukar da ta fi duk waɗannan nauyi. Wani zai ce, me ya kai mutumin kirki neman girma a gidan da aka gina kan fin ƙarfi? Alƙalin da aka ɗaga zai zartar da dokokin nan ne dai, har da wadda ta mayar da gudun lebura laifi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Banerjea, abokin tafiyar Gupta, an kore shi daga aiki a 1874 kan wani ɗan kuskure na takardun shari'a a Sylhet, ya je Landan neman haƙƙinsa bai samu ba, ya koma koyarwa da aikin jarida da siyasa, kuma tarihin Indiya ya fi tunawa da shi. Wannan suka ba ta da amsa mai gamsarwa gaba ɗaya. Abin da kawai za a iya cewa shi ne, takardar Gupta ta yi aikin da jawabin ɗan siyasa ba zai yi ba, domin daga cikin gida ta fito, da harshen gidan, ta tambayi masu mulki ko sun yarda da dokar da suka rubuta da hannunsu. Amsar da suka bayar a 1883 kowa ya ji ta. Ƴan boko na Indiya sun kuma ga yadda ƴan tsirarun Turawa suka tanƙwara gwamnati da ƙungiya da jarida da kuɗi, suka ɗauki darasi: Banerjea ya kira babban taron ƙasa a Kalkata a Disamba 1883, a Disamba 1885 kuma aka kafa jam'iyyar Congress a Bumbai.

Gupta ya ci gaba da aikinsa, ya hau manyan kujeru, ya rasu a 1916. Lebura da mai dafa abinci kuwa sun daɗe suna jira. A 1902 sojojin wata rundunar dawakai ta Ingila suka yi wa wani kuku ɗan ƙasa dukan da ya zama ajalinsa a Sialkot, aka rasa wanda zai nuna mai laifi. Babban gwamna Curzon, da ya ga babu mai gurfana gaban kotu, sai ya hukunta rundunar baki ɗaya ta hanyar soke hutunta. A babbar hawan daba da aka yi a Delhi a farkon 1903, da rundunar ta zo wucewa, Turawan da ke rumfa suka tashi suna yi mata tafi a gaban idonsa. Sai a 1923 aka rage yawancin gatan da Bature ke da shi a gaban kotun laifi, shekara bakwai bayan rasuwar Gupta.