Agunah: Matar da Igiyar Aure Ta Ɗaure a Shari'ar Yahudawa



'Yan uwa, bayan karatunmu na Suratun Nisa'i a makon jiya, wani bawan Allah ya aiko mini da tambaya: "Malam, su Yahudawa yaya matsayin mace yake a addininsu?" Tambayar tana da faɗi, domin akwai maganar gado, da shaida, da karatu, da tsayuwa a wurin ibada, kuma ba za su ƙare a zama ɗaya ba. Don haka yau zan ɗauki mas'ala ɗaya, wadda malamansu suka fi shekara dubu suna fama da ita, wato mas'alar saki.

Kafin mu shiga, ga sharaɗi. A aya ta 8 ta Suratul Ma'ida Allah Ya hana mu barin ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu ƙi yin adalci. Abin da ke faruwa da 'yan uwanmu a Falasɗinu yana ci mana rai, amma bai halatta mana mu yi wa shari'ar wasu ƙarya ba. Sannan ku sani Yahudawan yau ba tafiya ɗaya suke ba. Akwai masu riƙo da tsohuwar shari'arsu ƙam-ƙam, waɗanda ake kira Otodoks. Akwai 'yan Rifom da suka sassauta abubuwa da yawa, har sun naɗa mace malamar addini a Amurka tun 1972. Akwai kuma 'yan tsakiya. Mafi yawan abin da zan faɗa ya shafi na farkon ne.

Mu fara daga ɗaurin aure. A wurinsu ango yana ba amarya takarda da ake kira ketuba, wadda a ciki yake ɗaukar nauyin ci da tufafi da haƙƙin shimfiɗa, da kuma wasu kuɗi da zai biya ta idan ya sake ta ko ya mutu ya bar ta. A tsohon lissafinsu kuɗin zuz 200 ne ga budurwa, 100 ga bazawara. Malamansu sun bayyana dalilin sa wannan kuɗi: don kada saki ya zama abu mai sauƙi a idon namiji. Ka ga tun asali sun san inda matsalar take, sun kuma yi ƙoƙarin toshe ta.

To shi sakin fa? Asalinsa a babi na 24 na littafi na biyar na Attaura yake, inda aka nuna miji ne zai rubuta takardar rabuwa ya danƙa wa matar a hannu. Sunan takardar get. Ba a sakin baki a wurinsu. Sai an samu marubuci na musamman ya rubuta ta a layi 12, da sunan mijin da matar da garinsu ba kuskure, shaidu biyu su sa hannu, sannan a miƙa. Kuma dole mijin ya bayar da yardarsa. Nan ne gizo ke saƙar. Kotun addininsu, wadda suke kira Bet Din, ba ta da ikon raba aure da kanta. Za ta iya cewa ya wajaba ka sake ta, za ta iya matsa maka, amma idan hannunka bai miƙa takardar ba, matar nan matarka ce ko da kun shekara 20 ba ku ga juna ba, ko da kotun gwamnati ta raba ku.

Macen da ta makale a wannan hali ita ake kira agunah. Kalmar tana da dangantaka da sunan ƙarfen nan mai nauyi da ake jefawa cikin ruwa don a tsayar da jirgi wuri ɗaya. A da, agunah ita ce wadda mijinta ya tafi fatauci ko yaƙi, ko ya shiga teku, aka daina jin ɗuriyarsa, ba gawa ba shaida. A yau mafi yawansu matan da mazansu suna nan da rai ne, an san gidansu, an san lambar wayarsu, sun dai ƙi bayarwa. Wani don ramuwa, wani don ta yafe masa kuɗi, wani don ta bar masa 'ya'ya.

Wani zai ce, to ta yi tafiyarta mana, ta auri wani a kotun gwamnati. Ai abin da ke tsare ta ya wuce kanta. A shari'arsu, ɗan da matar aure ta haifa da wani namiji ana kiransa mamzer, kuma mamzer ba ya auren sauran Yahudawa, sai irinsa ko wanda ya shigo addinin, sannan tambarin yana bin zuriyarsa. Shi kuwa mijin, idan ya je ya haihu da wata mace da ba ta da aure, ya yi laifi, amma ɗansa ba mamzer ba ne. Kun ga bambancin? Ita tana zaune shekarun haihuwarta suna wucewa, shi yana can ya buɗe sabon gida.

Adalci ya sa in faɗa muku cewa malamansu ba su naɗe hannu ba. A Talmud, babban littafin fiƙihunsu, an sassauta ƙa'idar shaida saboda wannan mata: inda ake neman shaidu biyu maza, a maganar mutuwar miji sun karɓi shaida ɗaya, har da shaidar mace, har da maganar matar kanta. Sun kuma ruwaito cewa mayaƙan Annabi Dawud, Alaihis Salam, sukan bar wa matansu takardar saki kafin su fita yaƙi, don kada wanda bai dawo ba ya bar mace a ɗaure. Wajen shekara ta 1000, wani babban malaminsu a garin Mainz na Jamus, Rabbenu Gershom, ya hana Yahudawan Turai ƙara mace ta biyu, ya kuma hana sakin mace ba da yardarta ba. Wannan ya ɗaga darajarta ƙwarai. Sai dai an bar wa namiji ƙofa: idan matar ta ƙi karɓar saki ko ta samu taɓin hankali, yana iya neman sa hannun malamai 100 ya ƙara aure. Ba kasafai ake bayarwa ba, amma ƙofar tana nan, mace kuwa ba ta da irinta.

Yanzu ga wurin da tarihinsu ya haɗu da namu. A tsakiyar ƙarni na 7, bayan Musulunci ya shiga Iraƙi, shugabannin manyan makarantunsu na Sura da Pumbedita suka kafa doka cewa macen da ta ce ba za ta iya zama da mijinta ba, a tilasta masa ya sake ta nan take, maimakon jiran wata 12 da ake sa ta yi. Malaminsu Sharira Gawon, wanda ya rayu a ƙarni na 10, ya bayyana dalili: matansu sun fara neman taimakon waɗanda ba Yahudawa ba don su samu saki. Masana tarihi da dama sun fahimci wannan da cewa kotunan Musulmi suke zuwa. Daga baya Musa bin Maimun, wanda aka haifa a Ƙurɗuba ya rasu a Masar a 1204, ya tafi a kan cewa macen da ta tsani mijinta a tilasta shi ya sake ta, domin ita ba fursunar yaƙi ba ce da za a sa ta kwana da wanda take ƙi. Amma a Faransa Rabbenu Tam ya ƙi wannan fatawa, yana tsoron sakin dole ya zama ɓatacce, matar ta yi aure tana da aure, a haifi mamzer. Maganarsa ce ta rinjaya, kuma wannan tsoron ne har yau yake riƙe hannun alƙalansu.

A zamaninmu an gwada hanyoyi da yawa. A Isra'ila, dokar 1953 ta sa aure da sakin Yahudawa a hannun kotunan addini, sannan dokar 1995 ta ba su ikon hana mai ƙin saki fita ƙasa, da ƙwace lasisin tuƙinsa, da taɓa asusunsa na banki, har da ɗauri. Duk da haka an samu wani da ya shafe sama da shekara 30 a kurkuku, ya mutu a 1994 bai bayar da takardar ba. Matarsa mutuwarsa ce ta kwance ta, bayan ta tsufa. Jihar Niyok ta yi doka a 1983, Kanada a 1990, Birtaniya a 2002, duk don a hana mutum amfana da sakin gwamnati alhali ya riƙe na addini. A Amurka malaman Otodoks sun fito da yarjejeniyar da ake sa wa hannu kafin aure, inda miji zai ɗauki nauyin biyan dala 150 a kowace rana daga ranar da suka rabu har ya bayar da get. Bayan yaƙin 1973, Obadiya Yusuf, malaminsu haifaffen Bagadaza, ya zauna a kan shari'ar matan sojoji kusan 1,000 yana neman hujjar mutuwar mazansu ɗaya bayan ɗaya. Su ma matan sun tashi: tun farkon shekarun 1990 akwai mata da suka yi karatun fiƙihu suna tsayawa a matsayin lauyoyi a kotunan addini, kuma sun mai da ranar azumin Esta ranar tunawa da agunah a kowace shekara.

To, 'yan uwa, na san abin da wasu ke jira in ce: Alhamdu lillahi da ni'imar Musulunci. Na faɗa, kuma da zuciya ɗaya. A shari'armu alƙali yana da ikon da alƙalinsu ba shi da shi. Wanda ya rantse ba zai kusanci matarsa ba, aya ta 226 ta Baƙara ta yanka masa wata 4. Matar Sabit bin Ƙais ta zo wa Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ba ta zargi mijinta a addini ko hali ba, ta dai ce ba za ta iya ba, aka sa ta mayar da gonar sadaki aka raba su. Matar wanda ya ɓace, Sayyidina Umar ya yanka mata shekara 4 sannan ta yi takaba, kuma a kan haka mazhabarmu ta Malikiyya take. A mazhabar nan tamu alƙali yana saki saboda cutarwa, yana saki saboda rashin ciyarwa, ko mijin ya so ko ya ƙi. Aya ta 129 ta Nisa'i kuwa ta hana a bar mace kamar abin da aka rataye, kalmar da aka yi amfani da ita ita ce mu'allaƙa. Tun ina ɗalibi da na fara cin karo da kalmar agunah, wannan ayar ce ta faɗo mini.

Amma fa bari in tambaye mu. Su malaman Yahudawa nassin da ke hannunsu ne ya ɗaure su, suna ta neman mafita. Mu da aka buɗe wa ƙofa, me ya sa gidajenmu suke cike da ratayayyun mata? A watan jiya wata baiwar Allah ta zo masallacinmu tare da yayanta. Shekara 6 ke nan mijinta ya ce ta je gida sai ya neme ta. Ba ci ba sha, ba aike, ba saki. Ya ƙara aure, har amaryar ta yi haihuwa biyu. Da aka same shi sai ya ce in tana son takardarta ta biya shi duk abin da ya kashe, tun daga lefe har kuɗin asibitin haihuwarta. Na ce wa yayan, me ya hana ku zuwa kotu? Ya ce Malam, Baba ya ce a gidanmu ba a kai miji ƙara. Wallahi wannan mata agunah ce, sunan ne kawai ba mu da shi. Kuma wanda ya ɗaure ta ba shi da ko aya ɗaya da zai fake da ita, domin aya ta 231 ta Baƙara ta hana riƙe mace don a cutar da ita, ta kuma ce mai yin haka kansa ya zalunta.

Kai ɗan uwa da ka riƙe takardar wata a aljihu kana cewa sai ta gane kurenta, ka ji tsoron Allah. Ko ka mayar da ita ka riƙe ta da mutunci, ko ka sallame ta da mutunci, kuma ka yi shi a wannan makon. Ku iyaye, kai ƙara gaban alƙali ba abin kunya ba ne, sahabiya ma ta kai nata ƙorafin gaban Manzon Allah. Mu malamai da limamai, idan mace ta kawo kuka kada mu tsaya a "ki yi haƙuri", mu gaya mata haƙƙinta, mu nemo mata mutum biyu na sulhu kamar yadda aya ta 35 ta Nisa'i ta nuna, idan ya ƙi mu raka ta kotu. Ku alƙalai, ku daina ɗage shari'ar khul'i wata bayan wata, domin shekarun mace ba sa dawowa.

Mako mai zuwa in sha Allahu za mu duba gadon 'ya mace a wurinsu, da labarin 'ya'yan Zelofehad mata biyar da suka kai kukansu gaban Annabi Musa, Alaihis Salam, kamar yadda yake a littafinsu. Wanda ya san wata da ke rataye a danginsa ko unguwarsu, ya karanta wa waliyyinta wannan rubutu.

Allah Ya kwance wa kowace ɗaurarriya, Ya shiryi mazajenmu, Ya sa mu zama masu adalci ga na gida da na waje. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum warahmatullah.